Ranar da Inna Youa Ta Yabi Ɗan Wani

A wajenmu, mu Hmong, uwa ba ta yabon ɗanta a fili. Iskoki suna da kunne. In suka ji an ce yaro kyakkyawa ne sai su leƙo, in sun leƙo kuma su yi sha'awa. Shi ya sa jariri yana faɗowa ake ce masa mummuna. In ya tasa ya zama malalaci. In ya zama likita a ce allura ma bai iya riƙewa ba. Kowa ya san abin da ake nufi, ban da iskoki.

Duk gabashin birnin St. Paul, a Amurka, babu wadda ta kai Inna Youa riƙe wannan.

'Yarta ita ce Gaosheng Kue. A sansanin 'yan gudun hijira na Ban Vinai aka haife ta, a Thailand. Tana da shekara biyar suka sauka Minnesota, tsakiyar hunturu, cikin wata rigar sanyi ta coci da ke share ƙasa in tana tafiya. Tana da bakwai ta zama tafintar gida. Asibiti ita ce, makaranta ita ce, in mai gidan haya ya kashe na'urar ɗumama ɗaki ita ake ɗorawa kan kujera ta riƙe waya. Daga baya maƙwabta suka fara aronta. Ta girma ta karanta aikin lauya. Da kujerar unguwarmu a majalisar dokokin jiha ta zama ba kowa a kai, ta tsaya takara, ta ci.

A shekara biyunta na farko ta fitar da doka ɗaya, wadda ta sa masu hayar gona a bayan gari suka daina fargabar a kore su kowace kaka. Rabin tsofaffinmu da gonar haya suke rayuwa. Da aka kawo wa Inna Youa labari tana wanke albasa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Shekara biyu a wancan gida mai ƙubba," ta ce, "doka ɗaya tak. Kazata ta fi ta aiki."

Duk wanda ke wurin ya gane daɗi ne ya kashe ta.

Sai aka sake yanka mazaɓu. Aka ɗebe mana wasu layuka, aka liƙa mana gidajen bakin tafkin Phalen. Tsofaffin Turawa ne a can, masu ritaya, masu yanke ciyawar ƙofar gida da ma'auni. Ba sa fashin zaɓe ko ana ruwan ƙanƙara. Kuma a wannan shekarar Toufue Hang ya ce shi ma yana son kujerar. Dillalin gidaje ne. Hoton haƙoransa yana jikin kowane bencin jiran bas a unguwar. Jam'iyya ɗaya suke, don haka sai an je zaɓen fid da gwani, a watan Agusta.

Uwar Toufue, Inna Blia, rumfarta tana kallon ta Inna Youa a kasuwar Asabar. Shekara ashirin suna haka. Tare suke cin shinkafar rana, tare suke kushe 'ya'yansu.

"Nawa har yau bai san inda ake kunna tukunyar shinkafa ba," in ji Blia.

"Ki gode. Tawa ta sani, shi ya sa muke cin gawayi."

"Nawa kansa kamar kabewa."

"Kabewa ai ana miya da ita, Yaya."

A haka dai. Ba wadda ta taɓa yarda an fi ta mugun ɗa.

Wannan damina Inna Youa ta ɗauki kamfen da gaske. Duk wanda ya sayi wake ko garahuni, sai ta cusa masa takardar 'yarta a leda, ko ya so ko bai so ba. Turancinta na kasuwa ne, gajere, amma yana isa inda aka aike shi.

Wata Asabar a watan Yuli wata tsohuwar Baturiya daga bakin tafki, Arlene Novak, ta zaro takardar daga cikin albasarta. Ta dubi hoton, ta dubi mai rumfa.

"'Yarki ce wannan? Kai, kyakkyawa! Lallai kina alfahari da ita."

Inna Youa ta waiga hagu da dama kamar an ambaci sunan ɓarawo. Ta ɗaga murya don duk mai saurare ya ji.

"Wannan? A'a. Mummuna ce. Malalaciya. Ba ta iya komai ba. Shinkafa ma ƙonawa take." Ta ƙara mata barkono biyu gyara. "Ki zaɓe ta."

Arlene ta tafi tana waiwaye.

Akwai mutumin Toufue a rumfar gaba, wayarsa a ɗage. Kafin Laraba takarda ta shiga akwatin wasiƙa na kowane gida a bakin tafki. Hoton Inna Youa ne da garahuni a hannu, baki buɗe. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Malalaciya. Ba ta iya komai ba." Sannan da ƙanana: in uwar da ta haife ta ta faɗi haka, kai me ka sani da ya fi nata?

Ko gidan Hmong ɗaya ba a kai wa takardar ba. Toufue ba wawa ba ne.

Mai riƙe wa Gaosheng kamfen wata malamar firamare ce da ta yi ritaya, Marlys Dahlberg. Ita ta koya mata Turanci a aji ɗaya, har yanzu kuma Malama take ce mata. Ofishin nasu tsohon shagon wanki ne a titin Payne. Malama Marlys ta shigo ta ajiye takardar a kan tebur, ta cire takalmi, ta ɗora ƙafa kan kwali.

"Ƙofa arba'in na buga jiya," ta ce. "Goma sha ɗaya sun tambaye ni abin da kika yi wa uwarki. Wani ya ce ko kin kai ta gidan tsofaffi ne. Wata ta ce a gaishe ta, tana sa ta a addu'a."

Gaosheng ta yi dariya. Ita kaɗai.

"Malama, ai kin san yadda abin yake."

"Ni na sani. Shekara talatin ina zama da iyayenku ranar karɓar sakamako. Yaro ya zo na ɗaya, uwar ta ce in ƙara masa bulala. Amma ba zan iya tsayawa a kowace ƙofa in yi darasin rabin awa ba. Suna rufewa kafin in kai kan iskoki."

"Sai mu buga tamu takardar, mu yi bayani."

"'Yar siyasa ta buga takarda tana cewa uwata ba haka take nufi ba? Ke za ki yarda?"



"Bakin tafki su ne kashi ɗaya cikin uku na masu fitowa a Agusta," in ji Malama Marlys. "In suka tafi, kujera ta tafi. Saura kwana goma sha tara. Abu ɗaya nake so. Ki ɗauki wayarki, ki je gona, ta dubi wayar ta ce ina alfahari da 'yata. Rabin minti. Ko tana ɗaure fuska ba komai."

"Ba za ta yi ba."

"Kin taɓa tambayarta?"

Ba ta taɓa ba. Shekara talatin da tara, ba ta taɓa ba.

Kafin ta je gona ta haɗu da Toufue. Ba shiri suka yi ba. Makokin wani dattijo ne, irin namu na kwana huɗu, kowane ɗan takara kuma sai ya leƙa. A wajen ajiye motoci suka yi kiciɓis, yana goge takalminsa da hankici.

"Ranki ya daɗe, 'yar majalisa," ya ce. "Ya gajiya?"

"Ka san abin da take nufi, Toufue."

"Na sani mana. Ba a nan aka haife ni ba? Su ne ba su sani ba."

"Matar nan ta goya ka."

"Ta goya ni, ta kuma ce kaina kamar kwano. Ban ƙara ko kalma ɗaya a bakinta ba, ƙanwata. In akwai ƙarya a takardar nan, nuna min." Ya buɗe mata haƙoran nan na jikin benci. "Siyasa ce. Ki gaishe min da Gwaggo."

Washegari da sassafe ta tuƙa zuwa gonar, kudu da gari, bayan an wuce gidajen ƙarshe. Kadada biyu ce ta haya. Inna Youa tana duƙe a kunyar wake da malafa da bokiti. Ta ga takalman 'yarta kafin ta ga fuskarta.

"Da waɗannan za ki shigo min gona? Ke dai ba a taɓa raba ki da shirme."

"Ina kwana, Inna."

"Kin ci abinci? Dubi wuyanki kamar na kazar da ta yi jinya."

Gaosheng ta zaro takardar Toufue ta miƙa mata. Inna Youa ba ta karatu. Ta dai ga hotonta, ta matso da shi kusa da ido.

"Wa ya ɗauke ni da wannan tsohuwar riga? Me aka rubuta?"

Gaosheng ta juya mata zuwa harshenmu, kalma bayan kalma, kamar yadda ta saba juya takardun asibiti.

"To ai ni na faɗa. Mene ne a ciki?"

"Turawa sun ɗauka da gaske kike, Inna. Sun ce in uwata ta ce ban iya komai ba, ba za su zaɓe ni ba."

"Su ba su da 'ya'ya ne?"

"Suna da su. Yabonsu suke yi."

"A fili?" Inna Youa ta girgiza kai. "Shi ya sa 'ya'yansu ke tafiya California ba sa dawowa."

Gaosheng ta fito da wayar. Ta faɗi abin da Malama Marlys ta ce. Rabin minti. Kalma huɗu. In ba haka ba kujera za ta tafi, kuma akwai doka ta biyu da ta fara, ta rumfunan kasuwa, wadda in ta faɗi ba mai ɗaukarta.

Inna Youa ta ci gaba da tsinkar wake. Sai da bokitin ya kusa rabi ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Kin san kina da wa. Leng."

"Na sani. Zazzaɓi ne, a sansani."

"A bayana ya ƙetare kogin Mekong. Watansa takwas. Sojoji suna bakin ruwa, duk jaririn da ya yi kuka ya kashe mutum talatin. Bai yi ba. Ko tari. Da muka taka ƙasar Thailand na kwance shi na ɗaga shi sama, na ce ku dubi ɗana, babu irinsa a duniya. Da ƙarfi na faɗa. Kakarki ta toshe min baki, amma ya riga ya fita." Ta jefa wake a bokiti. "Sati uku ya ƙara a duniya."

"Inna, ruwan sansanin ne."

"Haka likita ya ce. Wataƙila. Ni dai na san abin da bakina ya faɗa." Sai yanzu ta dube ta. "Ke kin kai talatin da tara. Kina ganin a banza ne?"

Gaosheng ta dubi wayar da ke hannunta. Ta mayar da ita aljihu. Ta cire takalman ta ajiye a kan kunya, ta duƙa ta fara tsinka.

Suka gama layi ɗaya.

"Ƙanana kike tsinkewa," in ji Inna Youa. "Wa zai sayi wannan? Ba ni takardar nan. Wa kika ce ya buga ta?"

"Toufue."

"Ɗan Blia? Wanda na share wa majina?"

"Shi."

"Ya san al'ada ai."

"Ya sani."

Inna Youa ta ninke takardar gida huɗu ta soke a aljihun gaban zaninta, inda take sa canji.

"Yaushe ne za ku tsaya gaban mutane ku yi ta surutu?"

"Lahadi mai zuwa. Amma ba sai kin zo ba."

"Wa ya ce zan zo? Ɗauki bokiti."

Da Malama Marlys ta ji ba bidiyo, ta cire tabarau ta murza ido. Gaosheng ta ce ba za ta sake tambaya ba, ko da kujerar za ta tafi. Malamar ta dube ta irin kallon aji ɗaya, sannan ta mayar da takalmanta ta fita buga ƙofofi.

Ranar Lahadi da azahar aka yi taron, a zauren wasanni na wata makaranta kusa da tafki. Mutanen bakin tafki suka cika kujerun gaba, kowa da biro da 'yar takarda. Namu suna baya, da jikoki, da kwandunan shinkafa mai danƙo a ƙarƙashin kujera. Fanka biyu suna ta juya zafi.

An yi maganar haraji, an yi ta ramukan titi. Gaosheng ta amsa da lissafi da sunayen layuka. Toufue ya amsa da haƙora. Daga ƙarshe ya dafa ƙirji ya ce shi ba zai taɓa faɗin mummunar magana kan abokiyar takararsa ba, waɗanda suka fi shi saninta sun riga sun yi magana. Kujerun gaba suka yi 'yar dariya. Na baya ba su yi ba.

Mai gabatarwa ya ce masu tambaya su yi layi a makirufo.

Ta uku a layi Inna Youa ce. Ba wanda ya ga shigowarta. Ta sa baƙar rigarta mai shuɗin hannu, ta ranar sabuwar shekara, da jakar kasuwa a hammata. Malama Marlys ta rufe ido. Wani a gaba ya raɗa, "Ita ce ta jikin takardar."

Da layi ya zo kanta ta ja makirufon ƙasa, ya yi ƙara. Ta yi Turancinta na kasuwa.

"Ni Turanci kaɗan. Zan yi Hmong. Wannan za ta juya Turanci." Ta nuna 'yarta da haɓa. "Shi kaɗai take ɗan taɓawa."

Gaosheng ta miƙe. A hankali ta ce da harshenmu, "Inna, me za ki yi?"

"Juya kawai. Kada ki rage, kada ki ƙara. Kin ji ni?"

Tun tana shekara bakwai take jin wannan umarni. Ta ɗauki makirufonta.

Inna Youa ta juya ta fuskanci Toufue. Ta buɗe murya, irin wadda take kiran mai saye da ita daga ƙarshen layi.

"Na zo in yi magana a kan wannan yaro, Toufue, ɗan Blia, na gidan Hang, mai zama a layin Arcade, gida mai jan ƙofa."

Gaosheng ta juya. Wani tsoho a baya ya ajiye cokalinsa. Wanda ya faɗi suna, da sunan uwa, da ƙofar gida, ba mutane kaɗai yake yi wa kwatance ba.

"Ku dube shi. Kun taɓa ganin kyakkyawa irinsa? Dubi goshi. Dubi haƙora, ko ɗaya bai faɗi ba. Dubi ƙiba, jiki luwai-luwai."

Gaosheng ta juya, kalma bayan kalma. Kujerun gaba suka fara murmushi. Wata ta ce, "Kai, wannan dattijuwa da kirki take." Kujerun baya kuwa tsit. Wata mata ta jawo jikanta ta rufe masa kunne.

"Lafiyarsa ƙalau, bai taɓa kwana asibiti ba. Motarsa sabuwa. 'Ya'yansa uku, duk maza, duk masu kyau. Duk Minnesota babu mai sa'arsa. Duk wanda ke sama da ƙasa da cikin ruwa ya zo ya ga ɗan Blia!"

Turawa suka tafa. Da gaske suka tafa.

Toufue bai tafa ba. Haƙoran suna waje, amma murmushin ya bar su. Hannunsa ya tafi wuyansa, inda uwarsa ta ɗaura masa jan zare tun yana yaro, ƙarƙashin tayen kwat ɗinsa. Ya matso da bakinsa ya yi ƙasa da murya, da harshenmu.

"Gwaggo, don girman Allah ya isa. Ni ba kowa ba ne."

"Ga ladabi kuma!" in ji Inna Youa. "Juya, ke."

Gaosheng ta juya.

Sai aka ji kujera ta faɗi a baya.

Inna Blia ce. Ta taho ta tsakiyar zauren da takalmi ɗaya, ɗayan ya tsaya a ƙarƙashin kujera. Ba ta nemi makirufo ba. Ba ta buƙata.

"Ƙarya take! Ƙarya ne! Mummuna ne! Ku dubi kunnuwansa kamar na jemage! Haƙoran nan na roba ne, biyu na gaba, a kan keke ya zubar da su! Malalaci ne, sai rana ta take yake tashi! Har ya shekara goma yana jiƙa katifa! Motar ba tasa ba ce! 'Ya'yan duk kansu kamar nasa! Bai iya komai ba, bai taɓa iya komai ba, ba wanda zai so shi ko a kyauta!"

Tana faɗa tana juyawa kusurwa huɗu na zauren, tana kaɗa hannu sama kamar mai korar tsuntsaye daga gero. Sannan ta juyo kan Inna Youa.

"Youa! Shekara ashirin muna cin shinkafa a kwano ɗaya!"

"Shekara ashirin, Yaya. Ki tambaye shi abin da ya sa a akwatin Turawa."

Ta zaro takardar nan mai ninki huɗu ta miƙa mata. Inna Blia ta ga hoton ƙawarta da garahuni. Wata budurwa a gefe ta karanta mata abin da ke ƙasa. Inna Blia ta dubi ɗanta. Wannan karon abin da ta faɗa masa ba don iskoki ba ne, kuma ba zan maimaita shi ba.

Baya ta fashe. Tsofaffi suna dariya har da riƙe ciki, wani yana buga sandarsa a ƙasa. Gaba kuwa an rasa inda aka dosa. Arlene Novak, mai albasar nan, ta ɗaga bironta.

"A gafarce ni. Wace ce wannan, kuma me take cewa?"

Gaosheng ta juya ta dubi abokin takararta. Ba ta yi dariya ba, ko kaɗan. Na dai ga gefen bakinta yana rawa.

"Mahaifiyarsa ce," ta ce da Turanci. "Toufue, uwarka ce. Kai za ka juya, ko ni? Ni ba na ragewa."

Ya dubi makirufo. Ya dubi uwarsa, tana tsaye da takalmi ɗaya tana haki. Ya san in Gaosheng ta juya, har katifar sai ta fito.

"Ta ce…" Ya gyara taye. "Ta ce ni malalaci ne. Ban iya komai ba."

"Mahaifiyarka?" in ji Arlene.

"Ba haka take nufi ba. A wajenmu uwa ba ta yabon ɗanta a gaban mutane. Tsoro take kada wani abu ya same shi. In ta kushe shi, to… ƙauna ce. In ta kushe shi sosai, ƙaunar ce da yawa."

"Kowace uwa a cikinku?"

"Kowacce."

Arlene ta buɗe jakarta. Ta daɗe tana lalube, zauren yana jiranta. Ta fito da takardar da aka sa mata a akwati, ta warware ta, ta ɗaga.

"To wannan fa, saurayi?"

Toufue ya dubi takalminsa. Fanka biyu suka ci gaba da juyawa.

Wani tsoho a layin gaba, mai rigar masunta, ya yi gyaran murya. Ya ce shi ubansa daga Norway ya zo, kuma ranar da ya dawo daga soja da lambar yabo, abin da tsohon ya ce masa shi ne gashinka ya yi yawa. Ya ce sai yau ya samu wanda zai yi masa bayani. Aka yi dariya, gaba da baya, karo na farko tare.

A bakin ƙofa Arlene ta tare Inna Youa ta kama hannunta.

"Yanzu na gane. 'Yarki…"

"Mummuna," in ji Inna Youa da sauri.

Arlene ta waiga hagu da dama. "Mummuna ƙwarai," ta ce. "Ban taɓa ganin malalaciya irinta ba."

Inna Youa ta dube ta sama da ƙasa, ta gyaɗa kai. "Ki zo Asabar. Akwai wake."

Ranar Talatar zaɓe Gaosheng ta ci bakin tafki da ƙuri'un da ko Malama Marlys ba ta sa rai ba. Layukanmu kuwa dama nata ne. Yanzu zangonta na huɗu ke nan. Dokar rumfunan kasuwa ta fita a shekarar da ta biyo, ita ke shugabantar kwamitin noma, kuma har yau, in ka tambayi uwarta, shinkafa ƙonawa take.

Amma kafin zaɓen, washegarin taron nan, akwai abin da ya faru wanda bai shiga jarida ba.

Da hantsi Inna Youa ta sa 'yarta ta kai ta layin Arcade, gida mai jan ƙofa. Ta riƙo dafaffiyar kaza a kwano da farin zare a aljihu. Toufue ya buɗe ƙofa da gajeren wando, idanu a kumbure. Inna Blia tana zaune a falo, ta juya musu ƙeya.

"Miƙo hannu," in ji Inna Youa.

Ya miƙa. Ta ɗaura masa zaren a wuyan hannu, ta ƙulla sau uku. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ta fuskanci titi, ta ɗaga murya.

"Jiya tsufa ne ya ruɗe ni. Na duba da kyau yanzu. Yaron nan mummuna ne. Kansa kamar kwano. Ba shi da sa'a, ba shi da wayo, 'ya'yansa duk sun biyo shi. Duk wanda ya taso saboda maganata ya koma gida, babu abin gani a nan."

Toufue ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka faɗi.

"Na gode, Gwaggo."

"Rufe min baki. Marar kunya."

Daga cikin falo, ba tare da ta juyo ba, Inna Blia ta ce, "Kin manta kunnuwan."

"Da kunnuwa kamar na jemage," in ji Inna Youa ga titi.

Inna Blia ta jawo kwanon kazar ta buɗe, ta shinshina.

"Gishiri ya yi yawa. Wa ya dafa?"

"Wa kike zato?"

Tsofaffin biyu suka juya suka dubi 'yar majalisa, tana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

"Allah sarki," in ji Inna Blia. "Zauna, mummuna. Kawo faranti huɗu, kai."